From Zero na Linkin Park: ci gaba ne ko komawa gidan jiya?

Garba_Jita:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe da maganar nan a ciki, yau dai sai na amayar da ita. Tun da Linkin Park, ƙungiyar kiɗan rock ta Amurka, suka saki kundinsu From Zero ranar 15 ga Nuwamba 2024 nake sauraronsa, safe da dare, don kada a ce na yanke hukunci da zafin kai. Kundin yana da daɗi, ban musa ba. Amma babu waƙa ko ɗaya a cikinsa da ta ba ni mamaki. Duk wadda na kunna sai in ji na san uwarta cikin tsofaffin waƙoƙinsu. Two Faced 'yar One Step Closer ce, har hancin iri ɗaya. Heavy Is the Crown da tafiyar Faint ta zo. Casualty kuwa kamar an tsinto ta cikin ragowar tsohon kundinsu The Hunting Party. Ni Linkin Park ɗin da na sani, duk kundin da suka fitar sai sun ɓata wa rabin masoyansu rai, saboda sun bi hanyar da ba wanda ya zata. Wannan karon lallaɓa mu suka yi. To a ina za ku ajiye shi cikin kundayensu takwas? Ni na sa shi na shida.

Zee_04:
Na shida? Haba Malam Garba. Ka ji tsoron Allah.

Soja_LP:
Wa alaikumus salam. Ni ko jerawar ma ba zan yi ba. Kundaye bakwai na sani. Na takwas ɗin na wata ƙungiya ce da ta ari sunan. Mawaƙinsu Chester Bennington ya rasu 20 ga Yuli 2017, a nan littafin ya rufe a wurina. Ba ni da matsala da Emily Armstrong da ta shiga gurbinsa, tana da murya, amma kama da wane ba ta wane.

BabanKhalifa:
@Soja_LP ƙanena, na fahimci zafinka, ni ma na ji shi. Sai dai ka tuna shi kansa Chester gurbin wani ya shiga. Lokacin da ƙungiyar take amsa sunan Xero, Mark Wakefield ne mawaƙinsu. Chester sai 1999 ya zo daga Arizona, bayan ya bar ƙungiyarsa Grey Daze. Sunan sabon kundin ma daga Xero ɗin nan aka ciro shi. Ka saurari buɗewar, daƙiƙa 22 ce kacal: Emily tana tambayar ma'anar sunan, tana gano inda aka dosa sai aka datse maganar a bakinta, kiɗa ya shigo. Tsofaffin 'yan ƙungiyar, Mike Shinoda, Brad Delson mai jita, Joe Hahn mai karce faifai da Phoenix, duk suna nan. Mutum huɗu cikin shida. In su ba su da ikon amsa sunan, wa ke da shi?

Soja_LP:
Yaya, Wakefield bai yi kundi ko ɗaya da duniya ta sani da su ba. Ba daidai ba ne a haɗa shi da wanda ya yi shekara 18 yana riƙe da makirufo.

BabanKhalifa:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma ga wata: Chester ya zama mawaƙin ƙungiyar Stone Temple Pilots daga 2013 zuwa 2015, a gurbin Scott Weiland. Ya tsaya a dandamali yana rera waƙoƙin da wani ya kafa, masoyan wancan suna hararar sa. Ya san ɗacin abin da Emily take sha yanzu.

Ummi_Rok:
Bari in sa baki a matsayina na ƙaramar cikinku. Ni ta Heavy Is the Crown na shigo, lokacin da aka yi ta a matsayin taken gasar duniya ta wasan kwamfuta League of Legends a 2024. Kafin nan In the End da Numb kawai na sani, su ma a gajerun bidiyoyi. From Zero shi ne kundin Linkin Park na farko da na saurara daga farko har ƙarshe. Daga baya na koma baya ɗaya bayan ɗaya. Kun san abin dariya? Da na ji One Step Closer sai na ce a raina, kai, wannan ai Two Faced ce. Ku kuna jin 'ya ta yi kama da uwa, ni uwar ce na ji ta yi kama da 'yar. Don haka abin da Yaya Garba yake kira maimaici, ni ban ji shi a haka ba ko kaɗan. Ya dogara da ƙofar da mutum ya shigo.

Garba_Jita:
@Ummi_Rok ƙanwata, kin yi magana mai ma'ana, amma ba ki rushe tawa ba. Ke kanki kin yarda suna kama. Kuma 2000 ta riga 2024 zuwa, ko ta wace ƙofa aka shigo.

Dan_Gambara:
Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne Mike. Kowa Emily, Emily, Chester, Chester. A Hybrid Theory da Meteora, kundayensu biyu na farko, rabon aikin a fili yake: Mike ya yi gambara a baiti, Chester ya fashe da amshi. Shi ne tambarin. A From Zero Mike ya fi yin rerawa, har The Emptiness Machine ma shi ya ɗauki baitin farko da amshin farko gaba ɗaya, Emily sai a baiti na biyu ta shigo. Dabara ce, na gane, ya riƙe mana hannu kafin ya gabatar da baƙuwa. Amma gambararsa a wannan kundin ba ta kai ta kundin A Thousand Suns ba. Je ku sake jin When They Come for Me ko Wretches and Kings. Can ne yake magana kamar mai neman faɗa. A nan kamar yana karanta abin da ya san zai wuce ba tare da gardama ba.

Zee_04:
An zo wurin. Duk muhawarar Linkin Park sai wani ya fito da A Thousand Suns kamar layar tsari.

Dan_Gambara:
Saboda shi ne mafi girman aikinsu, Zee. Ki yi haƙuri.

MaiGanga77:
Ni makaɗin ganga ne, don haka kunnena can yake fara zuwa. Mutane suna mantawa cewa ba mawaƙi kaɗai aka canza ba. Rob Bourdon, wanda yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, bai dawo ba, Colin Brittain ne a kujerarsa. Rob hannunsa a tsare yake, yana buga abin da waƙa take buƙata ya tsaya, kamar injin da aka saita. Shi ya sa kiɗansa yake narkewa da na na'urar Joe Hahn har ka kasa raba su. Colin ya fi sakin hannu, ya fi son cike gurbi tsakanin layuka. Ku saurari Cut the Bridge, yadda ganga take riƙe waƙar ita kaɗai a farko. Tana tuna min Bleed It Out, na yarda da Garba a nan, amma bugun ya fi na da zafi. Kuma Colin furodusa ne tun kafin ya shigo, ya sa hannu a rubutu da haɗa kundin, ba ɗan haya ba ne da aka kira ya buga ya tafi.

Inda na fi kewar Rob shi ne irin aikin da ya yi a The Hunting Party, 2014. Keys to the Kingdom da Guilty All the Same. A can ya nuna ashe duk shekarun nan ɓoye ƙarfinsa yake yi.

Hajara_B:
Ni dai Over Each Other ta gama da ni. Emily ce kaɗai take rerawa daga farko har ƙarshe, babu ihu, babu gambara. Malam Garba, wace tsohuwar waƙa ce uwar wannan? Ina jira.

Garba_Jita:
@Hajara_B Hajiya kin kama ni. Ba ni da uwa takamaimai da zan nuna. Sai dai in ce ita da Stained sun fi kusa da kundin One More Light a ruhi. Amma na ba ki wannan. Overflow ma na ba ku ita kyauta, ita ce waƙa ɗaya da na ji sun leƙa wani ɗaki da ba su taɓa shiga sosai ba: tafiya a hankali, amon murya yana dawowa, kiɗan ƙasa mai nauyi. Da kundin duka ya bi wannan hanyar da ban buɗe wannan maganar ba.

BabanKhalifa:
Bari in ba ku labari, ku yara. Hybrid Theory ya fito Oktoba 2000, ni a 2001 na same shi, faifan yayana ne da ya bar min. Ya sha hannu har ya karce, kuma karcewar ta faɗa daidai kan fiyanon da ke buɗe In the End. Kullum sai ya yi tsalle a wuri ɗaya, ya haɗiye sauti biyu. Na saurari faifan nan sau ɗari nawa ban sani ba. Har yau, in na kunna waƙar a waya, tsaf, babu karce, sai in ji kamar an ƙara mata wani abu da ba nata ba. Kunnena yana jiran tsallen.

Abin da ya sa na kawo wannan: duk wanda ya ce zai auna From Zero da Hybrid Theory, ya fara tambayar kansa wane Hybrid Theory yake nufi. Na cikin faifai, ko wanda yake kansa tare da ɗakin da ya zauna da shekarun da yake da su a lokacin? Na biyun nan ba kundin da zai kayar da shi. Ko Chester yana raye ba zai iya ba.

Kuma ai mun gani. 2007, Minutes to Midnight, suka ɗauko furodusa Rick Rubin, suka rage gambara da karce faifai. Aka ce sun sayar da kansu, Shadow of the Day wai kwaikwayon ƙungiyar U2 ce. 2010, A Thousand Suns, aka ce ina jitar ta tafi. 2017, One More Light, zagin da aka yi musu a kan Heavy ba ya faɗuwa, kuma Chester yana raye yana karantawa. Wata biyu bayan fitar kundin ya rasu. Da yawa cikin masu kuka da sunansa yau, su ne masu jifansa a watan Mayu na shekarar. Ban ce da kai nake ba, Soja.

Soja_LP:
Da ni kake, Yaya, kuma ba ka yi ƙarya ba. Na zagi One More Light da ya fito. Na rubuta abubuwan da daga baya na bi na goge. Bayan rasuwarsa na yi kusan shekara biyu ban iya kunna waƙar da ke ɗauke da sunan kundin ba. Ranar da na kunna ta, a tsaye nake, sai da na nemi wuri na zauna. Wataƙila shi ya sa na kasa karɓar sabon. Ina jin kamar bashi ne a kaina ban biya ba.

Hajara_B:
Allah sarki. Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa.

Garba_Jita:
@BabanKhalifa Yaya, ka lura maganarka ta ƙarshe tawa take goyon baya? Ka lissafa kundi uku da aka zage su saboda sun canza. Wancan zagin shi ne shaidar suna raye. From Zero an yi rigima a kan wa ke waƙar, amma kusan ba wanda ya yi rigima a kan kiɗan. Don ba abin rigima a ciki. Minti 32, waƙa 11 har da buɗewa, kowace an auna ta ta yi daidai da wani ɓangare na masoya. Masu son ihu ga Casualty, masu son taushi ga Over Each Other, 'yan Meteora ga Two Faced. Kamar mai rabon gado yana tsoron kada wani ya kai ƙara.

Sautu_Zalla:
A kan tsawo kada mu zalunce su. Hybrid Theory bai kai minti 38 ba, Meteora bai kai 37 ba. Gajarta al'adarsu ce tun asali, waƙa minti uku su wuce. A Thousand Suns ne ya fita daban da waƙa 15 da guntayen jawabai, muryar Oppenheimer da ta Martin Luther King da ta Mario Savio a ciki.

Inda nake ganin bambanci na gaske shi ne sauti. Kundaye biyu na farko Don Gilmore ne furodusa, Andy Wallace ya haɗa sautin, mutumin da ya haɗa Nevermind na Nirvana. Jitar Brad a can bango ce: a ninka ta, a baza hagu da dama, ta toshe ko'ina. Sauƙin bugu, amma kauri kamar me. A From Zero jitar ta fi siriri da kaifi, murya ce a gaba sosai, kuma komai yana da ƙarfi lokaci guda, ba a bar wa kunne wurin numfashi sosai ba. Gwada wannan: sa belun kunne, kunna Papercut, sannan nan take ka kunna The Emptiness Machine ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba. Za ka ji yadda ɗakin ya canza girma.

Abu na biyu, Joe Hahn. Hybrid Theory yana da Cure for the Itch, Meteora yana da Session, waƙoƙin da aka bar masa fili shi da na'urarsa. From Zero babu irin wannan. Yana nan, kana jin karcensa a Two Faced da Overflow, amma leƙowa yake yi.

MaiGanga77:
@Sautu_Zalla na yi gwajin yanzu. Gaskiyarka, amma ni na fi son yadda ganga take fitowa a sabon. A Meteora an goge ta har ta zama kamar ta kwamfuta.

Sautu_Zalla:
Da gangan ne ai. Lokacin haka ake so.

Kabiru_K:
Ku bar ni in ɗan fita daga layi. Ba Linkin Park ne farkon waɗanda mawaƙinsu ya mutu suka ci gaba ba. AC/DC: Bon Scott ya rasu Fabrairu 1980, suka ɗauko Brian Johnson, Yuli na shekarar suka saki Back in Black, wanda ya zama kundinsu mafi kasuwa. Wata biyar kacal. Alice in Chains: Layne Staley ya rasu 2002, suka dawo da William DuVall, suka fitar da Black Gives Way to Blue a 2009. Shekara bakwai, daidai da Linkin Park. Kuma shi ma wancan kundin ya tsaya kusa da tsohon sautinsu. Ina ganin duk ƙungiyar da ta dawo daga makoki, kundin farko na tabbatar wa mutane ne cewa mu ne dai. Ba a canza mawaƙi a canza kiɗa rana ɗaya. Gwajin gaskiya kundi na gaba ne.

Zee_04:
Queen fa? Su ma mawaƙinsu ya rasu, kuma sun fi shekara goma suna yawo da Adam Lambert.

Kabiru_K:
Yawon wasa suke yi da tsofaffin waƙoƙi, ba su yi sabon kundin sitidiyo da shi ba. Hanya ce daban, kuma ita ce mai sauƙi. Linkin Park ma da sun so da haka za su yi, su cika filaye da Numb da Crawling har tsufa, ba wanda zai ce uffan. Sun zaɓi su rubuta sabo, su kunna shi a daren farko, 5 ga Satumba 2024, kai tsaye duniya tana kallo.

Garba_Jita:
@Kabiru_K wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo min tun safe. Na yarda gaba kura baya sayaki suke: su canza a ce ba su ba ne, su tsaya a ce kwaikwayo. Amma uzuri daban, daraja daban. Ina iya fahimtar dalilin da ya sa suka yi taka-tsantsan, in kuma ce sakamakon bai kai Meteora ba.

Ummi_Rok:
To ni da na saurari Meteora da sabon kunne, in faɗi gaskiya kada ku cinye ni? Meteora ma ai Hybrid Theory ne aka sake wa riga. Furodusa ɗaya, tsari ɗaya, baiti gambara amshi ihu. Breaking the Habit da Nobody's Listening mai sarewar Japan su ne suka fita daban, kamar yadda Overflow da Over Each Other suka fita daban a nan. Me ya sa maimaicin 2003 ya zama gwaninta, na 2024 ya zama tsoro?

Dan_Gambara:
Kai! Yarinyar nan ta zo da wuƙa.

BabanKhalifa:
Ta faɗi gaskiya. A 2003 ɗin ma an yi wannan ƙorafin, ina nan, na ji da kunnena. Mun dai so shi ne don muna kan ganiyar so.

Garba_Jita:
@Ummi_Rok na sha wannan, ba ni da ta cewa sai abu ɗaya. A 2003 matasa ne 'yan shekara ashirin da wani abu suna gyara abin da suka ƙirƙiro shekara uku da suka wuce. A 2024 dattawa ne da suka riga suka yi A Thousand Suns, suka yi Collision Course da Jay-Z, suka kira Rakim da Tom Morello da Daron Malakian cikin kundi ɗaya. Sun san hanyoyi goma, suka koma ta farko. Wanda bai san wata hanya ba da wanda ya sani ya ƙi bi ba ɗaya ba ne.

Nana_Fa:
Ni ban iya duk wannan lissafin naku ba. Abin da na sani, muryar Emily tana da wani tsatsa a maƙogwaro ko da ba ihu take yi ba. Ta Chester kuwa tas take, siririya kamar ta yaro, sai ya ga dama ya yage ta. Shi daga taushi yake faɗawa wuta ba gargaɗi, ita kullum da ɗan hayaƙi a muryar. Shi ya sa tsofaffin waƙoƙi masu laushi kamar Leave Out All the Rest nake jin ba na kowa ba ne sai shi, amma masu zafi tana cin su da kyau.

Sautu_Zalla:
@Nana_Fa kin iya lissafin fiye da yadda kike zato. Kuma a wasan kai tsaye sun matsar da sautin wasu tsofaffin waƙoƙin don su dace da muryarta, shi ya sa wasu ke jin Numb ta yi wani iri ba su san dalili ba. Ba kuskure take yi ba, waƙar ce aka ɗaga daga mazauninta.

Soja_LP:
Ihun Chester a Given Up dai, daƙiƙa 17 a numfashi ɗaya. A kawo min irinsa.

Zee_04:
Heavy Is the Crown. Nata ma ya doshi haka, saura ƙiris.

Soja_LP:
Na sani. Shi ne ma abin da ya ɓata min rai. Me ya sa sai an yi dogon ihu a daidai wurin da kowa zai ɗauko agogo ya auna? Su da kansu suka gayyato kwatancen, sannan a ce mana kada mu kwatanta.

Garba_Jita:
Yauwa! Soja, yau mun haɗu a layi ɗaya. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, na goge saƙo biyu da suka koma zagin mutum maimakon maganar waƙa. Wanda ya rubuta ya san kansa. Ku ci gaba, muhawarar tana da daɗi, a bar ta a kan kiɗa.

Hajara_B:
Akwai abin da nake ta tunani game da kalmomin. Waƙoƙin da, ko Mike ne ya rubuta yawancinsu, da Chester ya rera sai ka ji ciwon cikin mutum ne da kansa yake kokawa. Crawling, Breaking the Habit, Heavy. Bayan 2017 ma sai suka ƙara nauyi, har wasu ba sa saurarruwa. A From Zero yawancin faɗan da wani ake yi: kai ka ci amanata, kai mai fuska biyu ne, na ba ka komai ka watsar. Yatsa yana nuna waje. Good Things Go ce kaɗai ta juyo da yatsan ciki, mutum yana amsa cewa shi ne mai ɓata abin da ke hannunsa. Ina ganin shi ya sa ita ce ta fi taɓa tsofaffin masoya, kuma ita aka ajiye a ƙarshe.

BabanKhalifa:
@Hajara_B wallahi ban taɓa lura da wannan ba sai da kika faɗa. Good Things Go ce nake maimaitawa ban san dalili ba. Ko da yake Hybrid Theory ma yana da nasa nuna yatsan, Points of Authority da A Place for My Head duk da wani ake.

Hajara_B:
Haka ne Yaya, amma can an gauraya. Nan ya rinjaya gefe ɗaya.

Kabiru_K:
Wani ya saurari waƙoƙi ukun da aka ƙara wa kundin a Mayu 2025? Up From the Bottom, Unshatter, Let You Fade. Ni na ji kamar sun fi sakewa a cikinsu, muryoyin biyu sun fi sanin juna.

Dan_Gambara:
Unshatter ce ta dawo min da Mike ɗin da nake nema. Da ita aka sa a madadin Stained da kundin ya hau mataki ɗaya a wurina.

Nana_Fa:
A bar min Stained ɗina don Allah.

AbbanYasmin:
Na makara, amma ga nawa. 'Yata shekararta tara. Ta ga wasan da suka yi kafin wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Munich, Mayu 2025, muna jiran PSG da Inter. Tun daga ranar ba ta da magana sai Emily. Rannan na kunna mata Numb ta asali, ta Meteora. Ta yi shiru tana ji, can ta ɗago ta ce, Abba, wane ne wannan namijin da yake rera waƙar Emily? Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji maƙogwarona ya toshe. Na ce mata sunansa Chester, shi ya fara rerawa. Ta ce ya iya shi ma.

Zee_04:
"Ya iya shi ma." Na mutu.

Soja_LP:
Wannan ya yi min ciwo kuma ya ba ni dariya lokaci guda. Ka gaishe ta. Ka kunna mata Lost, wadda aka fitar a 2023 daga ajiyar Meteora, ta ji shi yana kan ƙarfinsa.

Garba_Jita:
To, mu koma tambayar da na yi, don har yanzu mutum biyu ne kawai suka kusa amsawa. Jerin nawa: A Thousand Suns, Hybrid Theory, Meteora, Minutes to Midnight, The Hunting Party, From Zero, Living Things, One More Light. Bayan maganar Hajara da Kabiru ina tunanin ɗaga shi sama da The Hunting Party, amma ban yanke ba.

Ummi_Rok:
Nawa: From Zero, Meteora, A Thousand Suns, sauran ina kan koyo. Kada a tambaye ni hujja.

MaiGanga77:
Ka ɗaga shi sama da The Hunting Party mu ɓata, Garba. Kuma me Living Things ya yi maka da ka jefa shi na bakwai? Castle of Glass fa? Lost in the Echo fa?

BabanKhalifa:
Ni ba na jerawa kuma, na tsufa da wannan. Amma in dole ne, na huɗu.

Soja_LP:
Har yanzu bakwai nake ƙirgawa. Sai dai na sauke Good Things Go ɗazu saboda maganar Hajiya Hajara. Sau ɗaya zan ji.

Hajara_B:
Sa belun kunne, kuma kada ka tsallake wurin da muryarta take hawa a amshi.

MaiGanga77:
Garba ina jiran amsar Living Things fa, kada ka sulale.